Gadon da Ya Ƙi Hawa Bene

Ni ba kafinta ba ne, ban taɓa sayar da ko kujera ɗaya ba. Aikina na albashi duba lafiyar shanu ne a kasuwar Mubi, allura da ɗura magani da leƙa bakin bijimi, har na yi ritaya. Katako abin yamma ne da ranakun hutu. Sa'o'ina idan sun taso aiki majalisa suke tafiya su yi ta gyara duniya da baki har magariba, ni kuwa rumfar bayan gida nake shiga in tuɓe riga in ɗauki zarto. An sha cewa taɓin hankali ne ke damuna, ban taɓa tsayawa musu ba.

Abin da na fara haɗawa wata kujera ce 'yar tsugunno, tun muna gidan haya. Ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, na cika ta da ƙusoshi kamar bushiya, in ka zauna sai ta karkace da kai gefe guda. Daga kanta na tsani ƙusa. Na koya wa kaina haɗin gaske, a fafe rami a wannan katako, a fere harshe a wancan, a shafa gam a buga su shige juna, shi ke nan sun zama abu ɗaya har abada. Kayan kasuwa kuwa, masu ƙyalli a waje da garin katako a ciki, ko kallonsu ba na son yi. Damina biyu suke yi su kumbura su fara wari.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu muka bar garin, mun dawo mun tarar an share gidan tas. Gado, teburi, kujerun falo, kabad, duk abin da na haɗa da hannuna an yi gaba da shi. Abu ɗaya aka bar mana a tsakar gida, karkatacciyar kujerar nan, ko ɓarawo bai ga abin ɗauka a jikinta ba. Na sake sayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, na sake cika gidan. A lokacin ne hannuna ya faɗa sosai, har na fara jin kaina.

Ina da 'ya'ya biyar, amma wannan labarin na babbar ne. 'Yar fari ce, mu kuwa a gidanmu ana kunyar ɗan fari yadda aka gada. Ban taɓa kiran sunanta ba. In zan yi maganarta sai in ce waccan, ko yarinyar nan. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni kanta a ƙasa, in amsa ina kallon wani wuri. Uwarta ma haka, har ta fi ni. Ƙannenta suna hawa wuyana suna jan gemuna, ita tana gefe tana kallo. Ubana haka ya yi da yayata, wadda muke kira Adda, kuma ban taɓa jin wani ya ce an zalunce ta ba.

Sai dai tun tana ƙarama takan jawo karkatacciyar kujerar ta zauna a bakin rumfa in ina aiki. Ba ta magana, ba na magana. Takan tsince ɓawon katakon da ke zubowa a nannaɗe ta saka a yatsunta. Wani lokacin in na ga ta kusa gajiya sai in ƙara gogar katakon da ya riga ya yi sumul, don kawai wasu su zubo. Ina sonta fiye da yadda zan iya rubutawa a nan, kuma duk cikin 'ya'yana ita kaɗai ce ba ta taɓa jin haka daga bakina ba.

Da ta shiga makarantar koyon jinya, tun ba a fara sallama da ita ba, na yanke shawara ni zan yi mata gadon aure. Kayan ɗaki dama a kan uba suke, to ban ga dalilin da zan je shago in nuna wani abu da yatsa a ce shi ne daga gare ni ba. Abin da bakina ya kasa faɗi, na ce bari hannuna ya faɗa, ta kwana a kai, 'ya'yanta su kwana a kai, ta san ubanta bai wofintar da ita ba. Ban gaya wa kowa wannan dalilin ba.

Na samo katakon maɗaci a wajen wani mutum a hanyar Sahuda, ja wur, mai nauyi, wanda sai da muka yi sawu-sawu da keke napep kafin ya iso gida. Na jera shi a rumfa da 'yan sanduna a tsakani, na bar shi ya sha iska damina da rani, ina juya shi kamar mai jinya. Maɗaci in kana yankansa garinsa ɗaci yake yi a maƙogwaro, ko shayi ka sha sai ka ji shi. Na fi shekara ina cin abinci da wannan ɗacin, kuma ban taɓa jin daɗin rayuwata kamar lokacin ba.

Ƙafafu huɗu masu kauri na yi masa, na fere su da hannu. A allon kai na sassaƙa zanen da ke jikin ƙwaryar nonon mahaifiyata, layi-layi da 'yan kusurwoyi, wanda na haddace tun ina yaro. Wannan sassaƙar ita ta cinye min ido, don kuskure ɗaya ya isa ya lalata allon gaba ɗaya. Hannun da ya shekara yana soka allura a wuyan bijimi mai fizge-fizge bai san rawa ba a lokacin.

Maƙwabcina wani tsohon malamin makaranta ne daga duwatsun Michika, katanga ɗaya ta raba mu. Yakan leƙo in ya dawo coci ya zauna a kan buhun garin katako yana tsokanata. Dokta yake ce min saboda shanu, ni kuma in ce masa Ticha. Ranar da ya ga ina shirin haɗa jikin gadon da gam, ya girgiza kai.

"Dokta, ka sa masa noti mana. Gado ana kwancewa ne, a ɗauka, a sake ɗaurawa."

Na ce, "Noti na masu gaggawa ne, Ticha. Shekara biyu ya saki, gado ya fara kuka, duk unguwa ta san an juya."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "To yarinya naka ya gani? Ka tambaye shi irin wanda yana so?"

Na ce mu ba ma haka.

"Ku dai! Ni nawa, ko takalmi zan saya sai ya bi ni kasuwa ya zage ni."

Gaskiya ya faɗa. Nakan jiyo shi ta katanga shi da babbar 'yarsa suna gardamar ƙwallo suna shewa. Nakan ce a raina rashin ta-ido ne, amma nakan dakatar da zarto in saurara.

Lokacin da maganar aurenta ta taso, gadon ya kusa kammala. Yaron mutumin kirki ne, ma'aikacin banki, ita ta kawo shi da kanta ta hannun Adda, ban ga abin ƙi a tare da shi ba. Aka ce ya kama haya can wajen jami'a. A nan ya kamata a ce na ɗauki tef ɗin awo na je na ga ɗakin. To amma da wane ido zan dubi surukina in ce ya nuna min inda zai kwana da 'yata? Ita ma ba zan iya tambayarta ba. Na tambayi uwarta, ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Haba Malam, ni ina ruwana da ɗakinsu?" Sai na aika wa Adda, don ita ce uwar biki. Ta je ta dawo ta ce ɗaki ne makeke, ko gado biyu za su shiga. Ɗaki na tambaye ta, ɗaki ta duba min. Babu wanda ya ce min a saman bene yake.

Na haɗa gadon. Na shafa gam a kowane rami, na buga harsunan suka shige, na ɗaure da igiya na bar shi ya kama. Na goge shi da samfefa har sai da tafin hannuna ya yi laushi, na shafa masa mai ya fito da jansa. Da na tsaya na dube shi, wallahi ƙwalla ta zo min. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, babu noti, in ka hau ka yi tsalle ko motsi ba ya yi. Ran nan da yamma na ga inuwar yarinyar nan a bakin rumfa, ta tsaya jim kaɗan ta wuce. Ban ɗago ba, amma na san ta gani.

Ranar jere maza shida suka ɗora shi a bayan a-kori-kura, na lulluɓe shi da tsofaffin barguna da hannuna. Jere aikin mata ne, uba ba ya zuwa, sai na koma rumfa na zauna ina kallon wurin da ya bari. Ina nan zaune bayan azahar wayata ta yi ƙara. Adda ce, ga hayaniyar mata a bayanta.

"Kai, gadon nan naka ya ƙi hawa."

Na ce hawa ina?

"Bene mana! Matakalar siririya ce, ga kwana a tsakiya. An juya shi ta kai, an juya shi ta gindi, ya ƙi. Tagar kuma duk ƙarfe ce. Ina ake kwance shi?"

Na ce ba a kwance shi.

Ta yi salati. Na ji tana gaya wa matan, na ji wata ta kwashe da dariya, wata kuma cikin dangin ango ta ce, "Yo dama gadon haɗin gida ne?" Adda ta dawo kaina ta ce ga wani kafinta a bakin titi, ya ce zai yanka shi gida biyu, in an hau da shi ya buga masa ƙusa da faci, zanin gado zai rufe.

Na ce duk wanda ya ɗora zarto a kan gadon nan ban yafe masa ba duniya da lahira. Na ce a dawo min da abina.

"Yarinyar fa? A ƙasa za ta kwana?"

Na kashe wayar. Kafin la'asar matan suka shiga kasuwa suka ɗauko irin mai ƙyallin nan, fari da ruwan gwal, wanda ake kawowa a kwali. Shi ya hau benen ba gardama. Nawa ya dawo da magariba, babu bargo ko ɗaya a kansa, ƙafarsa ɗaya ta goge da shuɗin fentin bangon matakala. Ticha ne ya taya ni muka shigar da shi rumfa da taimakon direban. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dafa kafaɗata kawai ya tafi, ni kuwa da ma zagina ya yi.

Washegari aka kawo yarinyar nan ta yi min sallama kafin a kai ta, tana lulluɓe tana kuka irin na amare. Ta durƙusa, na yi mata nasihar da kowane uba yake yi, ta yi haƙuri, ta bi mijinta, ta riƙe salla. Maganar gado ba ta fito daga bakina ba, ba ta fito daga nata ba. Daga baya uwarta ta ce min wai ranar jeren da labari ya iso mata ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Ban sani ba ko kunyar dangin miji ce ta hana ta, ko tausayina, ko haushina. Har yau ban sani ba, kuma ba ni da hanyar tambaya.

Gyaran ba gagara ya yi ba. A yanke haɗin nan huɗu daidai wa daida, a huda, a sa notin da na raina, shi ke nan ya zama gadon da ake kwancewa. Na san haka tun daren da ya dawo. Amma zuciya ta hana ni, na yi watanni ko rumfar ba na shiga. Kafin in huce aka yi wa mijin canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, suka tattara suka tafi. Na ce ba komai, in na gyara sai in sa shi a motar shanu mai zuwa kudu, ai na san direbobi.

Sai hannuna ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne yake ƙara a kan faranti, na ɗauka yunwa ce. Daga baya maɓallin riga ya fara gagarata. Likita ya ba ni ƙwayoyi, ya ce za su rage amma ba za su tsayar ba, kuma gaba abin zai yi ta yi. Na fito daga wurinsa na tsaya a bakin titi, masu keke suna ta yi min hon, ni kuwa gadon kawai nake gani.

Duk da haka na gwada. Na zaɓi safiyar da hannun ya ɗan lafa, na ja layi da fensir, na ɗora zarto a haɗin farko. Ja uku na yi daidai, a na huɗu zarton ya kauce ya ci cikin ƙafar gadon, ya bar mata rauni mai tsawon yatsa. Ni da nake raba layin fensir biyu da zarto. Na ajiye shi na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar da muka dawo muka tarar da gida wayam. Ticha ya ce a kira kafinta. Na ce in wani ne zai ƙarasa shi, to ya zama gadon kowa, gara ta ci gaba da kwana a kan na kwalin. Ya ce taurin kaina zai kashe ni, na ce ya riga ya makara.

Waccan takan kira uwarta a waya, in ji daga inda nake tana cewa a gaida Baba. In ce ina amsawa. Iyakarmu ke nan, shekara da shekaru.

Bara ta zo ganin gida da 'yarta, jikata, 'yar kimanin shekara biyar mai baki kamar rediyo. Jika kuwa ba a kunyarta, abokiyar wasa ce. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai rawar hannu, sai na sayo mata mota. Na goya ta, na ba ta nama a baki, na kira sunanta sau ɗari a yini. Duk abin da ban yi wa uwarta ba na juye mata, uwar tana daga gefe tana tankaɗe, kanta a ƙasa.

Ranar da za su koma, keke na jira a ƙofar gida, yarinyar ta biyo ni rumfa. Ta ɗaga tamfol ɗin da na rufe gadon da shi, ta sa yatsa tana bin zanen ƙwaryar. Uwarta ta biyo ta don ta kira ta, da ta gan ni sai ta durƙusa a bakin rumfar, daidai inda take zama tana ƙarama.

"Kaka, gadon waye wannan?"

Na nuna da haɓa na ce, "Na waccan ne."

"Na Mama? To me ya sa ba ya gidanmu?"

Ta leƙa ƙarƙashin teburin aikina, ta duba bayan katakai, sannan ta ce, "Mu ma muna da abin katako a gidanmu. Wata kujera ce mummuna, duk ƙusa, tana kayar da mutum. Mama ba ta bari kowa ya zauna a kai, ko Abbana."

Na daɗe ina neman kujerar nan. Na ɗauka ƙannenta sun ƙona ta a murhu lokacin biki, har na ce an rage min abin kunya. Ashe cikin kayanta ta cusa ta. Ita ta hau benen, ita ta je Fatakwal. Duk abin da hannuna ya iya a duniya yana nan a gabana ƙarƙashin tamfol, mafi munin abin da na taɓa yi kuma shi ne a ɗakinta.

Na dube ta, karo na farko da na tuna na dube ta sosai tun tana jaririya. Har furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali. Ba ta ɗago ba, amma na ga ɗigon ruwa ya faɗa a kan garin katakon da ke gabanta. Sunanta ya zo min har kan harshe. Hannuna yana ta bugun cinyata, na danne shi da ɗayan. Mai keke ya yi hon.

Ta ce, "Baba, za mu tafi."

Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce amin, ta kama hannun 'yarta suka fita. Na ji tashin keken, na ji ya sha kwanar gidan Ticha, na ci gaba da jin sa har ya ɓace cikin sauran.

Yanzu ko cokali sai da dabara nake kai shi baki, wannan rubutun ma faɗa nake yi ana rubuta min. Na raba kayan aikina, zarto ɗaya kawai na bari a rataye. Gadon yana nan, shuɗin fentin yana ƙafarsa, raunin zarton yana ɗayar. Mai ɗakina ta ce sun ce ba za su sake zuwa ba sai wata shekarar in Allah ya kai mu, likita kuma ya ce nan gaba muryar ma za ta fara shaƙewa. Kowace safiya nakan shiga rumfar in zauna a gefen gadon, in faɗi sunanta a hankali don in ji ko har yanzu yana fita.